Shin na'urar yatsa za ta iya gano matsalar batirin zuciya?

Ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa domin auna iskar oksijin a cikin jini, tana iya zama ta farko da za ta nuna cewa na'urar daidaita bugun zuciya da aka dasa wa mutum ta samu tangarɗa.

Sai dai kuma likitocin zuciya na gargaɗin cewa shaidarta ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba, ko na cewa akwai matsala, ko kuma na cewa komai lafiya.

Tun daga shekarar 2020, lokacin annobar korona, wannan na'ura da ake kira oksimita ta shiga gidajen jama'a da dama, bayan a da ba a cika ganinta ba sai a ɗakin tiyata da sashen kula da waɗanda ciwonsu ya tsananta.

Akasarin masu amfani da ita dai lamba ɗaya suke kallo, wato yawan oksijin a jini. To amma ga wanda ke ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya, wadda jama'a suka fi sani da batirin zuciya, lamba ta biyu ce ta fi muhimmanci, wato yawan bugun jijiya a cikin minti ɗaya.

Aikin batirin zuciya

Zuciyar ɗan'adam tana aiki ne da wani ɗan lantarki da ita kanta take samarwa. Saƙon yana tasowa daga wata cibiya a ɗakin sama na dama, ya gangara zuwa ɗakunan ƙasa guda biyu, waɗanda su ne ke matsewa su tura jini zuwa huhu da sauran sassan jiki.

Ga baligi mai lafiya da ke hutawa, hakan na faruwa ne tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya.

Idan cibiyar ta yi rauni, ko kuma hanyar da saƙon ke bi ta toshe, bugun zuciya na iya sauka zuwa 40, ko ma ƙasa da haka. Daga nan sai jiri, da kasala, da numfashi sama-sama, wani lokaci har da suma.

Maganin wannan shi ne a dasa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, a saman ƙirji, galibi ta ɓangaren hagu. Wayoyi siraran gaske, ɗaya ko biyu ko uku, suna fita daga jikinta su bi ta cikin jijiya har su isa zuciya.

Aikinta iri biyu ne. Tana sauraren bugun da zuciya ke yi da kanta, sannan idan ta ga an yi jinkiri, sai ta aika da nata saƙon lantarkin domin ta tilasta wa zuciyar ta buga.

An fara dasa irin wannan na'ura a jikin mutum ne a ranar 8 ga watan Oktoban 1958, a asibitin Karolinska da ke birnin Stockholm na ƙasar Suwidin. Likita Ake Senning ne ya yi aikin, injiniya Rune Elmqvist kuma shi ya ƙera ta.

Na'urar farko da aka sanya wa majinyacin, Arne Larsson, ta daina aiki bayan 'yan sa'o'i kaɗan, sai da aka sauya masa wata. A tsawon rayuwarsa an sauya masa fiye da guda 20, ya kuma rasu a shekarar 2001 yana da shekara 86, bayan likitan da injiniyan duk sun riga shi.

Na'urorin yau sun fi na wancan zamani inganci nesa ba kusa ba, kuma wani bincike da ya shafi ƙasashe 61 ya nuna cewa an dasa fiye da miliyan ɗaya a shekarar 2009 kaɗai. Duk da haka, tun daga ranar farko an san cewa abu ne da ke iya samun cikas.

Yadda matsalar ke zuwa

Masana sun kasa tangarɗar batirin zuciya gida huɗu.

Na farko, na'urar ta kasa aika saƙo a lokacin da ya kamata, misali saboda ƙarfin batirin ya ƙare ko kuma waya ta tsinke.

Na biyu, ta aika saƙon amma zuciya ta ƙi amsawa. Hakan na faruwa idan bakin wayar ya goce daga inda aka kafa shi, abin da ya fi aukuwa a makonnin farko bayan tiyata. Haka kuma yawan sinadarin fotashiyam a jini, musamman ga masu ciwon ƙoda, da toshewar jijiyar zuciya, da wasu magungunan daidaita bugun zuciya, duk suna iya hana tsokar zuciya amsa kira.

Na uku, na'urar ta kasa jin bugun da zuciya ta yi da kanta, ta riƙa aika saƙo inda ba a buƙata.

Na huɗu kuwa, ta ji wani abu dabam, kamar motsin tsokar ƙirji ko lantarkin wani inji da ke kusa, ta ɗauka bugun zuciya ne, sai ta yi shiru alhali a lokacin ne ake buƙatarta.

A uku daga cikin waɗannan huɗun, sakamakon ɗaya ne: bugun zuciya ya ragu, ko kuma a riƙa samun tsaiko tsakanin bugu da bugu. Ga mutumin da zuciyarsa ta dogara kacokan ga na'urar, tsaikon daƙiƙoƙi kaɗan ya isa ya kayar da shi.

Abin da yatsa ke faɗa

Wani injiniya ɗan ƙasar Japan mai suna Takuo Aoyagi, na kamfanin Nihon Kohden, shi ya gano dabarar da oksimita ke aiki da ita a farkon shekarun 1970.

Na'urar tana haska haske iri biyu ta cikin yatsa, ɗaya ja, ɗaya kuma wanda ido ba ya iya gani. Jinin da ke cike da oksijin da wanda ba shi da isasshe ba sa shan waɗannan haske daidai da juna, kuma daga bambancin ne take lissafa yawan oksijin.

Abin da Aoyagi ya lura da shi shi ne, duk lokacin da zuciya ta buga, ƙananan jijiyoyin yatsa kan ɗan kumbura da jini, hasken da ke ratsawa ya ragu, sannan ya dawo. Wannan hawa da sauka shi na'urar ke bi domin ta ware jinin jijiya daga fata da ƙashi da farce.

Ke nan, oksimita ba ta ganin lantarkin zuciya ko kaɗan. Jinin da ya iso yatsa kawai take ƙirgawa.

A nan ne ta bambanta da na'urar ECG, wadda ake manna wayoyinta a ƙirji domin ta zana lantarkin zuciya a takarda ko a allo.

Ana iya kwatanta lamarin da injin rijiyar burtsatse. ECG na nuna cewa wuta ta shiga injin, oksimita kuma na nuna ko ruwa ya fito a bakin famfo.

Idan batirin zuciya na aika saƙo amma zuciya ba ta amsawa, allon da ke gefen gadon majinyaci na iya ƙirga waɗannan saƙonni a matsayin bugun zuciya. Sai ya nuna 60, lambar da za ta kwantar da hankalin kowa, alhali zuciyar sau 30 kawai take tura jini.

Oksimita ba ta faɗawa wannan tarko. Idan lambarta ta yi ƙasa sosai da ta ECG, ma'aikacin jinya ya san cewa lallai a duba majinyacin nan take.

A ɗakin tiyata da sashen gaggawa

Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka, a shawarwarin da ta fara fitarwa a shekarar 2005, ta kuma sabunta su a 2011 da 2020, ta ce duk mai ɗauke da irin wannan na'ura da za a yi wa tiyata, a riƙa bin bugun jijiyarsa baya ga ECG, ko dai ta oksimita ko kuma ta wani siririn bututu da ake sanyawa cikin jijiya.

Dalilin kuwa shi ne wuƙar lantarki da likitocin tiyata ke amfani da ita wajen yanka da tsayar da jini. Duk lokacin da aka kunna ta, zanen ECG kan rikice ta yadda ba za a iya karanta shi ba.

A daidai wannan lokaci ne kuma batirin zuciya ke iya ɗaukar lantarkin wuƙar a matsayin bugun zuciya, ya daina aika saƙo. Zanen bugun jijiya da oksimita ke nunawa shi ne ya rage wa likitan sa barci ya kalla, kuma idan ya ga ya tsaya, sai ya ce a dakatar da wuƙar.

Haka abin yake a sashen gaggawa, inda akan manna wa majinyaci faifai biyu a ƙirji da baya, a riƙa aika lantarki ta fata domin a riƙe bugun zuciyarsa na wucin gadi.

Wannan lantarki na sa tsokar ƙirji da ta wuya su riƙa zabura, ta yadda mai taɓa jijiyar wuya zai iya zaton bugu yake ji. Shi ya sa ake koyar da ma'aikata su taɓa jijiyar matsematsi, su kuma dubi zanen oksimita, kafin su tabbatar cewa zuciya na amsawa.

Inda take ruɗar da mutane

A gida kuwa, inda babu ECG da za a kwatanta da shi, fassara lambar ta fi wuya.

Galibi ana saita batirin zuciya ne kada ya bari bugun ya sauka ƙasa da 60 a minti. Don haka mutum kan firgita idan ya ga 52 a yatsansa.

To amma ba kowa ake saita wa 60 ba. Wasu 50 ake sa musu, wasu kuma ana saita na'urar ta rage gudu da dare lokacin barci. Akwai ma tsarin da ke barin zuciya ta ɗan sauka ƙasa da lambar da aka saita matuƙar da kanta take bugawa, domin a tsimi ƙarfin batirin.

Sai kuma batun bugun da ke zuwa kafin lokacinsa, wanda ya zama ruwan dare ga tsofaffi da masu ciwon zuciya. Irin wannan bugu na zuwa ne kafin zuciya ta cika da jini, don haka abin da yake turawa kaɗan ne, wani lokaci ba ya isa yatsa.

Batirin zuciya yana jin sa, yana kuma lissafa shi, amma oksimita ba ta ganinsa. Idan ana samun irinsa bayan kowane bugu na ƙwarai, zuciyar da ke bugawa sau 70 za ta fito 35 a yatsa, alhali na'urar da aka dasa lafiyarta ƙalau.

Ciwon nan da ke sa ɗakunan sama na zuciya su riƙa karkarwa maimakon bugawa, shi ma yana haddasa irin wannan giɓi tsakanin ƙirji da yatsa.

Akwai kuma abubuwan da suka shafi yatsan kansa. Sanyin hannu, kamar a safiyar hunturu, yana tsuke jijiyoyi har na'urar ta kasa kama bugu. Rawar hannu, da motsi, da hasken rana mai ƙarfi, da saukar jini, duk suna ɓata lissafi.

Jan farce mai duhu da baƙin lalle na iya tare hasken, ko da yake jan lalle na gargajiya bai cika yin tasiri ba.

Ta ɗaya gefen kuma, na'urar na iya nuna lafiya alhali akwai matsala. Lambar da take nunawa matsakaicin lissafi ne na daƙiƙoƙi da dama, saboda haka ɗan tsaiko na iya wucewa ba tare da lambar ta sauya sosai ba.

Bugu da ƙari, tangarɗa da yawa zuwa suke yi su tafi. Wayar da ta fara tsagewa na iya yin aiki daidai yayin da mutum ke zaune, ta yanke idan ya ɗaga hannu ko ya juya a kan gado.

Lambar oksijin ba hujja ba ce

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga 97 ko 98 a gurbin oksijin, ya ce ai zuciyarsa lafiya.

Wannan lamba tana nuna yadda huhu ya cika jini da iska ne kawai. Ba ta faɗin ko jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya wadatar. Wanda zuciyarsa ke bugawa sau 30 a minti na iya samun 98, ya kuma suma a kan haka.

Ita kanta lambar oksijin akwai ayar tambaya a kanta ga baƙar fata. A watan Disamban 2020, masu bincike daga Jami'ar Michigan ta Amurka sun wallafa sakamakon da ya nuna cewa a cikin gwaje-gwajen da oksimita ta nuna tsakanin 92 da 96, gwajin jini ya gano ƙarancin oksijin mai haɗari a kashi 11.7 cikin ɗari na gwajin baƙaƙe, idan aka kwatanta da kashi 3.6 na fararen fata.

A watan Fabrairun 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi kan iyakokin na'urar, inda ta ambaci launin fata a cikin abubuwan da ke shafar ingancin lissafinta.

Abin da mai na'urar zai yi

Matakin farko shi ne mutum ya san lambar da aka saita masa. Ya tambayi likitansa mafi ƙarancin bugun da na'urar za ta bari, da kuma ko tana rage gudu da dare, ya rubuta ya ajiye tare da katin da aka ba shi bayan tiyata, wanda ke ɗauke da sunan kamfani da samfurin na'urar.

Idan zai auna, ya zauna ya huta na 'yan mintoci, ya ɗumama hannunsa, ya ajiye shi a kan cinya ba tare da motsi ba. Ya jira har sandar da ke hawa da sauka, ko zanen da ke allon, ya daidaita kafin ya karanta lamba.

Idan lambar ta yi ƙasa da wadda aka saita, ya sauya yatsa, sannan ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ya ƙirga bugun da kansa har minti ɗaya cikakke.

Idan ƙirgen hannu ma ya nuna ƙasa, to ya nemi likita a ranar, ko da ba ya jin komai.

Idan kuwa akwai suma, ko jiri mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko wahalar numfashi, ko ruɗewa, babu batun tsayawa awo. A garzaya da shi asibiti, ko da kuwa oksimita na nuna lambobi masu kyau, kuma kada ya tuƙa mota da kansa.

Shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, ko zaburar tsoka a ƙirji ko ciki daidai da bugun zuciya, ita ma alama ce da ke iya nuna cewa waya ta goce. Kumburi, ko ja, ko ruwa a wurin da aka dasa na'urar, musamman tare da zazzaɓi, na buƙatar ganin likita cikin hanzari.

Wani abin lura kuma shi ne sauyin lamba da ya tsaya cak. Wasu na'urorin kamfanin Medtronic, alal misali, suna komawa bugu 65 a minti idan ƙarfin batirin ya kusa ƙarewa. Batirin dai kan yi shekara 6 zuwa 10, wasu na zamani ma fiye, kuma daga wannan gargaɗi akan samu kimanin wata uku kafin ya ƙare.

Likitoci kan ɗora maganaɗisu a kan na'urar domin gwaji, amma wannan ba aikin gida ba ne. Ga wanda aka dasa wa nau'in da ke girgiza zuciya da lantarki idan bugunta ya rikice, maganaɗisu na dakatar da wannan kariya.

A watan Mayun 2021 hukumar FDA ta shawarci masu irin waɗannan na'urori da su nisanta wayoyin salula da agogunan zamani masu maganaɗisu da aƙalla santimita 15 daga wurin dashen. Ke nan, aljihun gaba na riga ba wurin ajiye waya ba ne.

Ita oksimita kuwa haske kawai take amfani da shi, ba ta da wata illa ga batirin zuciya.

Hukunci na asibiti ne

A asibiti, tabbatar da matsala na buƙatar cikakken gwajin ECG, da hoton ƙirji domin a ga inda wayoyin suke, da gwajin jini.

Sama da duka akwai wata kwamfuta ta musamman da ake kusantar da kanta ga ƙirji, ta karanto ƙarfin batiri, da lafiyar wayoyi, da tarihin abin da na'urar ta gani a watannin baya. Kowane kamfani da irin tasa kwamfutar, kuma ta wani ba ta karanta na'urar wani.

Wannan ne babban ƙalubale a ƙasashen Afirka da dama. Wani bincike na ƙungiyar likitocin zuciya ta nahiyar, PASCAR, da aka wallafa a shekarar 2018, ya gano cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasashe 31 da aka duba ba sa yin aikin dashen kwata-kwata a lokacin, kuma Najeriya na cikin waɗanda adadin dashensu ya fi ƙanƙanta idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Mutane da dama daga Najeriya da Nijar kan je Indiya ko Masar a yi musu aikin, su dawo garin da babu kwamfutar da za ta karanta na'urar tasu sai an yi tafiya mai nisa.

Ga irin waɗannan, yana da kyau tun kafin a yi dashen a binciki asibitin da ke kusa da gida wanda ke iya duba na'urar, a kuma san ta wane kamfani yake iya karantawa. Ana so a riƙa duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da mutum na jin kansa garau.

A tsakanin ziyara da ziyara, oksimita da ƙirgen bugu a wuyan hannu su ne abin da majinyaci ke da shi a gida. Littafin da ya riƙa rubuta lambar bugunsa kowace safiya, tare da kwanan wata da abin da ya ji a jikinsa, zai taimaka wa likita ya gane ranar da sauyin ya fara.